Ruwan da Ke Hawa Sama

Damina ta naɗe tabarmarta, kaka ta shigo, kuma tun kafin a gama sussukar hatsi hankalin manoman Kura da Kadawa da Talata Mafara da Haɗeja ya koma kan noman rani. Ana wanke injuna, ana ɗaure tiyo da roba inda ya tsage, ana cinikin irin alkama da na albasa. Su ma gwamnatocin jihohi sun fara abin da suka saba yi a irin wannan lokaci, wato sanarwar rabon injinan ban ruwa, waɗanda a 'yan shekarun nan aka fi alfahari da masu aiki da hasken rana a cikinsu. Duk wanda ya saurari waɗannan sanarwowi zai lura cewa lissafinmu game da ruwan noma a wuri ɗaya yake tsayawa: madatsa nawa aka gina, inji nawa aka raba, hekta nawa za a jiƙa. Da zarar ruwa ya fita daga bakin tiyo ya shige ƙasa, an rufe littafi. Ni kuwa a wurina daga nan labarin yake farawa, domin abin da ruwa yake yi a cikin ƙasa bayan ya ɓace wa ido shi ne zai yanke hukuncin ko gonar za ta ciyar da jikokin mai ita ko kuwa za ta zama fako.

Tun muna yara aka koya mana cewa ruwa gangare yake bi. Gaskiya ne, amma rabin gaskiyar ke nan. Babu gidan da ba shi da shaidar cewa ruwa yana hawa. Bakin zani ya taɓa ruwa a tsakar gida, kafin a ankara lema ta haura taƙi guda. A tsoma gefen ƙwayar sukari a shayi, sai a ga launin shayin yana hawa har ya game ta. Katangar da aka gina ba tare da an shimfiɗa abin tare danshi a gindinta ba, daga ƙasa take fara jiƙewa, fenti ya kumbura, wani farin gari ya fito kamar an barbaɗa gishiri, kuma gishirin ne. Waɗanda suka yi karatun dare da fitilar ƙwai sun san cewa kananzir yana can ƙasa, wuta tana sama, babu famfo a tsakaninsu sai lagwani. Saboda haka a wannan rubutu zan kira wannan hali da sunan da kowa zai gane, wato aikin lagwani.

Asalin abin yana cikin ƙirar ƙwayar ruwa. Kowace ƙwaya ta ƙunshi oksijin ɗaya da haidurojin biyu, kuma ba su raba cajin lantarkin da ke tsakaninsu daidai ba. Ɓangaren oksijin ya fi rinjaye, sai ƙwayar ta zama tamkar ɗan mitsitsin maganaɗisu mai kai da gindi. Daga wannan rashin daidaito halaye biyu suka fito. Ƙwayoyin ruwa suna riƙe juna, kan wannan ya kama gindin waccan. Kuma suna manne wa duk abin da ke da caji a jikinsa, kamar gilashi da auduga da laka da bangon ƙwayoyin tsiro. Riƙon junan ne ya sa saman ruwa yake da wata fata da ƙwaro zai iya tafiya a kai bai nutse ba, shi ne kuma ya sa raɓa take dunƙulewa a kan ganye. Inda ruwa bai sami abin mannewa ba, kamar ganyen gwaza mai kakin zuma a jikinsa, sai ya dunƙule ya gangara ganyen bai jiƙe ba. Inda ya samu kuwa, sai ya baje ya kama jikin abin, ya fara rarrafe.

To, a kawo siririn bututun gilashi a tsoma bakinsa a ruwa. Ƙwayoyin da ke gefe za su manne wa bango su hau, su jawo na tsakiya saboda riƙon juna, har sai nauyin ruwan da ya hau ya yi daidai da ƙarfin da ke jansa. A shekarar 1718 wani likita ɗan Ingila mai suna James Jurin ya bayyana ƙa'idar da har yau ake kira da sunansa: gwargwadon sirantakar bututu, gwargwadon nisan hawan ruwa. Bututu mai faɗin milimita 1 zai ɗaga ruwa kimanin santimita 3. Idan aka rage faɗin sau goma, ruwan zai hau santimita 30. A sake ragewa sau goma, sai ya hau mita 3. Zaiba kuwa, da yake riƙon junanta ya fi sha'awarta ga gilashi, idan aka tsoma mata bututun sai ta yi ƙasa a cikinsa. Ina roƙon mai karatu ya riƙe waɗannan alƙaluma uku, domin da su za mu auna duk abin da zai biyo baya.

Ƙasar noma ba dunƙulen abu ba ce kamar yadda take bayyana a tafin hannu. Kusan rabin girman ƙasa mai kyau kafofi ne, kuma kowace kafa bututu ce, sai dai mai lanƙwasa. Girman kafofin ya danganta ga girman ƙwayoyin ƙasar. Ƙwayar rairayi tana tsakanin milimita 0.05 zuwa milimita 2. Ƙwayar yumɓu ba ta kai milimita 0.002 ba, ido ba ya ganinta ita kaɗai. A tsakaninsu akwai lallausar ƙurar da kogi yake shimfiɗawa a fadama bayan ambaliya. Idan aka yi ruwan sama mai yawa, dukkan kafofin suna cika. Cikin kwana biyu ko uku manyan kafofin za su tsiyaye, iska ta maye gurbin ruwan, abin da saiwa take bukata domin ita ma numfashi take yi. Abin da ya rage shi ne ruwan da ƙananan kafofi suka riƙe, suka hana nauyinsa ya ja shi ƙasa. Wannan ne rumbun shuka. Ba don mannewar ruwa ga ƙwayoyin ƙasa ba, da ruwan da aka yi ranar Litinin ya wuce saiwa kafin Laraba, da kuwa babu gero babu dawa a wannan yanki namu da ake iya yin mako biyu cur a tsakiyar damina ba a ga ɗigo ba.

Amma riƙon da ƙasa take yi wa ruwa yana da farashi. Saiwa sai ta ja kafin ta samu. Tana fara kwashe na kafofi masu ɗan girma, wanda yake zuwa da sauƙi, sannan ta koma kan na ƙanana, wanda ƙasa ta fi damƙewa. Akwai matakin da jan shuka ba ya iya ƙwace komai, kuma masana sun auna shi ga yawancin amfanin gona a kan ƙarfin da ya ninka nauyin iskar sararin sama sau 15, wato kusan ninki bakwai na iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota. A wannan mataki shuka za ta yanƙwane ta mutu alhali da sauran danshi a ƙasar. Nan ne bambancin jigawa da laka yake fitowa. Jigawa mai sakin hannu ce, abin da ta riƙe kaɗan ne amma tana bayar da kusan duka. Laka mai tarawa ce amma da rowa, tana riƙe ruwa mai yawa ta hana shuka kaso mai tsoka a cikinsa. Ƙasar da ta fi kowace ita ce mai haɗin biyun, wadda take da manyan kafofi na shigar ruwa da iska da kuma matsakaita na ajiya. Takin gargajiya da ruɓaɓɓen ganye da kara su ne suke ɗaure ƙananan ƙwayoyi su zama 'yan curi-curi, a samu manyan kafofi tsakanin curi da curi, ƙanana kuma a cikin kowane curi. Buhun takin zamani abinci ne ga shuka, ba na musun amfaninsa, amma ba ya gina ko kafa ɗaya.

Manomanmu sun daɗe da sanin wannan ilimi da hannunsu. Misalin da ya fi burge ni shi ne na masakwa, dawar da ake nomawa a baƙar ƙasar firgi ta yankin Dikwa da Marte da Ngala a Borno, da arewacin Kamaru, da Chadi. Da damina ana tare ruwa da ƙananan kunyoyi domin lakar ta sha ta ƙoshi. Idan ruwa ya janye wajen Satumba zuwa Oktoba, sai a huda ƙasa da turke, a ɗan zuba ruwa a ramin, a dasa dashen bayan an rage masa ganye. Daga nan ba ruwan sama ba ban ruwa, har zuwa girbi a watan Janairu ko Fabrairu. Dawa ce da take yin ido a tsakiyar hunturu da abin da kafofin laka suka ajiye tun watanni baya. Haka nan ramukan da Mossawan Burkina Faso suke kira zai, mutanen Nijar kuma suke kira tassa. Ana haƙa ɗan rami a fako, a zuba taki, gara ta zo cin takin ta huda ƙasa da hanyoyinta, ruwa ya sami wurin shiga da wurin zama. Marigayi Yacouba Sawadogo, manomin Yatenga da ya inganta wannan dabara, ya sami lambar yabo ta duniya a 2018 a kanta, kuma daga yankinsa manoman Illela da ke jihar Tawa suka ɗauko ta a ƙarshen shekarun 1980 suka farfaɗo da filayen da aka riga aka yafe. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba, in ji Bahaushe, kuma a Illela maganar ba karin magana ba ce kawai.

Bari mu bi ruwan daga saiwa zuwa ganye, domin a nan akwai wani kuskure da nake yawan gani a takardun ɗalibai, kuma daga wasu littattafan sakandare suka gado shi. Sukan rubuta cewa aikin lagwani ne yake ɗaga ruwa daga saiwa zuwa ƙololuwar bishiya. A gwada da alƙaluman Jurin. Jijiyoyin da ke ɗaukar ruwa a cikin itace faɗinsu yakan kama daga kaso biyu zuwa kaso ashirin cikin ɗari na milimita, wasu ma sun fi haka. Bututu irin wannan ba zai ɗaga ruwa fiye da mita ɗaya da wani abu ba, mafi yawa ma ba za su kai nan ba. To giginya fa, mai kai mita 20 da ɗoriya? Rimi fa? Balle bishiyar da ta fi kowace tsawo a cikin waɗanda aka auna a duniya, wadda take jihar Kalifoniya ta Amurka, mai tsawon sama da mita 115.

Kuma ba za a ce bishiya zuƙa take yi kamar inji ba. Duk manomin fadama ya san iyakar inji. Tun lokacin da shirin Fadama na farkon shekarun 1990 ya yaɗa ƙananan rijiyoyin tiyo da injinan fetur, manoma suka gane cewa idan ruwa ya yi ƙasa da mita bakwai ko takwas, inji sai dai ya yi ta ƙara ba ya kawo komai, dole a haƙa rami a sauke shi ciki. Dalili shi ne injin ba ya jan ruwa da kansa. Iska yake kwashewa daga tiyo, nauyin iskar sararin sama ya turo ruwan, kuma wannan nauyi ba zai iya ɗaga ruwa fiye da kimanin mita 10 ba ko da injin ya kai inji. Tun zamanin Galileo da almajirinsa Torricelli a Italiya, a ƙarni na 17, aka san da wannan iyaka.

Amsar da ta tsaya har yau wasu malamai biyu na birnin Dublin ne suka kawo ta a 1894, Henry Dixon da John Joly. Ruwan da ke cikin bishiya sarƙa ce guda ɗaya wadda ba ta yanke ba, daga ƙasar da ke manne da saiwa har zuwa cikin ganye. A cikin ganye ruwan yana jiƙe da bangon ƙwayoyi, kuma kafofin wannan bango sun fi jijiyoyin itace ƙanƙanta sau dubbai. Idan rana ta buga, ruwa ya tashi tururi ya fita ta ƙofofin ganye, fatar ruwan da ta rage a bakin waɗancan mitsitsin kafofi sai ta lotsa ciki ta ɗaure, ta ja ƙwayar da ke bayanta, ita ma ta ja ta bayanta, har jan ya isa saiwa. Riƙon juna ya hana sarƙar tsinkewa, mannewa ta hana ta saɓulewa daga bango. Saboda haka aikin lagwani yana nan, amma a can sama yake, a ganye, inda kafofi suka yi ƙanƙantar da za su iya riƙe igiyar ruwa mai tsawon da ya fi na kowace bishiya. Itacen bai kashe ƙarfinsa ko kaɗan a wannan ja ba. Rana ce take biyan kuɗin mai. A duk lokacin da na tsaya a gindin rimi na tuna cewa a cikinsa akwai dubban zaren ruwa a ɗaure tamau kamar tsirkiyar baka, babu ƙara babu hayaƙi, sai in ji tasbihi ya zo bakina da kansa.

Ciniki ne mai tsada, domin fiye da kashi 95 cikin ɗari na ruwan da shuka ta sha ta ganye yake fita. Dole ta buɗe ƙofofin domin shaƙar iskar da take haɗa abinci da ita, kuma ta inda iska ta shiga ta nan ruwa yake fita. Idan ƙasa ta bushe jan ya yi tsanani, iska tana iya kutsawa cikin jijiya ta tsinka sarƙar, wannan jijiyar ta daina aiki. Naɗewar ganyen masara da tsakar rana ƙoƙari ne na rage jan kafin a kai ga haka. Dalilin da ya sa ake dashe da yamma ke nan, dalilin da ya sa mai masakwa yake rage ganyen dashensa ke nan.

Akwai wani bincike da ya kamata a ce kowane malamin gona a Arewa ya san da shi. A ƙasar Senegal masana sun yi shekaru suna nazarin sabara da kalgo, waɗannan tsirrai biyu da muke sarewa mu ƙone a lokacin sharar gona. Sun gano cewa da dare, idan ƙofofin ganye sun rufe, saiwoyinsu masu zurfi suna ɗauko ruwa daga ƙasa mai danshi su sake shi ta ƙananan saiwoyi a busasshiyar ƙasar sama. A wani sakamako da aka wallafa a 2018, an zuba ruwa mai alama a zurfafan saiwoyin sabara, aka kuma tsince shi a jikin geron da ke kusa da ita. Ashe kurmin da muke ɗauka kishiyar gero ne, mai shayar da shi ne da dare. A datse sabara a baje ganyenta a gona a bar kututturen ya fi a tumɓuke ta.

Yanzu ga ɗaya fuskar, wadda ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Lagwani ba ya zaɓen abin da zai ɗauka. Ruwan ƙarƙashin ƙasa yana ɗauke da gishiri a narke, ko da harshe bai ji ba. Idan wannan ruwa yana da zurfi, babu damuwa, domin hawansa ba zai kai sama ba. A rairayi hawan bai wuce taƙi ɗaya ko biyu ba, ƙasar sama kuma tana bushewa da wuri ta yanke sarƙar, shi ya sa ake tona busasshen kogi a tarar da ruwa. Amma a lallausar ƙasa irin ta fadama da filayen ban ruwa, idan ruwan ƙasa ya taso ya rage mita biyu ko ƙasa da haka, kafofi za su haɗa shi da sama. Rana ta kwashe ruwan, gishiri ba ya tashi tururi, sai ya zauna. Gobe wani ruwan ya hau ya bar nasa. Haka kanwa take samuwa a kwarurukan ƙasar Manga da gaɓar Tafkin Chadi, wadda fatake suka yi ɗaruruwan shekaru suna lodinta zuwa Kano da Gwanja. A can arziki ce. A gonar alkama ajali ce.

Mu yi ɗan lissafi na misali. A ce ruwan da manomi yake ban ruwa da shi yana da rabin giram na gishiri a kowace lita, ruwan da za a sha ba a ji komai ba. A ce a shekara ya zuba wa hekta ɗaya ruwan da zurfinsa ya kai mita ɗaya, wato lita miliyan 10. Gishirin da ya shiga gonar tan 5 ne, buhu ɗari mai nauyin kilo 50. Da wani zai zo da tirela ya sauke masa buhu ɗari na gishiri a gona, da sai an kai ga alƙali. Amma da hannunsa yake zubawa, kuma ba laifi ba ne muddin akwai ruwan da zai wanke gishirin zuwa ƙasa, akwai kuma inda wankin zai tafi. Idan babu mafita, ruwan ƙasa zai taso, lagwani ya dawo da abin da aka wanke. Gishiri yana riƙe ruwa kamar yadda laka take yi, don haka shuka takan yi ƙishi a tsakiyar jiƙaƙƙiyar ƙasa. Manomi ya ga ganye ya yi laushi bakinsa ya ƙone, ya ɗauka ruwa ne bai isa ba, ya ƙara. Idan kuma gishirin irin na kanwa ne, sai ya wargaza curin ƙasa, yumɓu ya toshe kafofi, ƙasar ta zama sumunti idan ta bushe, ta zama kwata idan ta jiƙe.

Wasu sun riga mu shiga wannan rami. A 1958 masana biyu, Thorkild Jacobsen da Robert Adams, sun kafa hujja da tsofaffin rubuce-rubucen kudancin Iraƙi cewa gishirin ban ruwa ne ya sa manoman can suka bar alkama suka koma sha'ir mai jure gishiri, kimanin shekaru dubu huɗu da suka wuce. Akwai masu jayayya da su kan girman rawar da gishirin ya taka, amma babu mai jayayya kan abin da ya faru a Pakistan, inda manyan hanyoyin ruwa na kogin Indus suka ɗago ruwan ƙasa har gonaki suka yi fari, aka shiga haƙa dubban rijiyoyi tun daga shekarun 1960 ba don neman ruwa ba, sai don a sauke shi. A 2021 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da taswirar da ta nuna sama da hekta miliyan 833 na ƙasar duniya da gishiri ya taɓa, wasu haka Allah ya halicce su, wasu kuma aikin hannun ɗan Adam ne.

Za a ce mini mu ba Iraƙi ba ne, kuma akwai gaskiya a ciki. Muna da damina mai wanke ƙasa duk shekara, ruwan madatsar Tiga da aka kammala a 1974 da na Bakolori ta 1978 ruwa ne mai daɗi, gishirinsa kaɗan. Wannan rangwame ne daga Allah, shi ya sa abin yake tafiya a hankali. Amma abin da rana take iya ƙafarwa a shekara a ƙasar Kano ya kai ninki biyu na ruwan saman da ake samu, kuma wankin damina ba ya amfani idan ƙasar ta riga ta cika daga ƙasa. Masu bincike sun daɗe suna nuna cewa ruwan ƙasa ya taso kusa da sama a wasu sassan aikin ban ruwa na Kogin Kano. Injiniyoyin da suka zana waɗannan ayyuka sun san da haɗarin, shi ya sa kowace hanyar kawo ruwa suka yi mata abokiyar tafiya, magudanar fitar da shi. Mai karatu ya je ya duba magudanan da idonsa. Wasu kachalla ta cinye, wasu ƙasa ta cike, wasu an tare su an shuka shinkafa a ciki. Ban ga laifin manomin da yake da rabin eka da baki goma ba idan ya ga fili mai ruwa ya shuka. Laifin na tsarin da yake ɗaukar magudana a matsayin ado ne. Hanyar kawo ruwa ana yanke mata ƙyalle a gaban kyamara. Yashe magudana kuwa ba ya hoto, saboda haka ba ya shiga kasafi sai idan rancen Bankin Duniya ya zo, kamar yadda aka gani a aikin gyaran da aka fara bayan 2014, kuma idan rancen ya ƙare kachalla tana nan tana jira.

Injin hasken rana ya ƙara wani sabon babi. Alheri ne babba, musamman tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin ban ruwa ya gagari ƙaramin manomi. Sai dai tsadar fetur, duk da zafinta, ita ce birkin da take sa a kashe inji idan gona ta sha. Wanda rana take yi wa aiki kyauta ba shi da dalilin kashewa. A inda ruwan ƙasa yake da zurfi, sakamakon shi ne rijiyoyi su ƙafe. A inda ake ɗebowa daga kogi ko hanyar ruwa a zuba a lallausar ƙasa marar mafita, sakamakon shi ne abin da na bayyana a sama. Ruwan rijiya kuma ba duka ɗaya ba ne, na wani wuri ya fi na kogi gishiri nesa ba kusa ba, kuma ba kasafai ake auna shi kafin a raba inji ba.

Abin da nake nema daga ma'aikatun gona na jihohi bai kai kuɗin inji ɗaya a kowace ƙungiyar manoma ba. Na'urar auna gishirin ruwa ta hannu, wadda girmanta bai fi alƙalami ba, ta kasance a aljihun kowane malamin gona, a auna rijiya kafin a ɗora mata inji. A inda kanwa ta riga ta kama ƙasa, ma'adinin jifsam da ake haƙowa a Yobe da Sakkwato ana kai wa masana'antun sumunti shi ne maganin, idan an haɗa shi da wanki da mafita. A daina ƙone kara da buntun shinkafa, a rufe ƙasa da su, domin rufin yana kare saman gona daga rana ya rage hawan ruwa da gishirinsa. Sannan a kowane rukunin gonaki a kafa bututun roba mai tsawon mita 3, a huda gefen ƙasansa, a naɗe shi da tsumma, a binne a tsaye a rufe bakinsa. Duk ranar Juma'a wani yaro mai karatu ya zura sanda ya rubuta inda ta jiƙe a littafi. Idan a watan Maris sandar tana taɓa ruwa kafin ta shiga mita ɗaya da rabi, a rage ban ruwa a wannan rukuni, a fito da shebur a nufi magudana tun kafin farin gari ya bayyana a kan kunya.